Me Ya Kawo Mutanen Sama?

Ranar da Ɗanlami ya miƙe a tsakiyar taro ya ce shi zai fitar da Hausawan Libreville kunya, ina zaune a gefensa, kuma sau biyu na ja masa gefen riga. Bai zauna ba. Shi Ɗanlami in ya buɗe baki, ko ruwan sama sai ya jira ya gama.

A shekarun nan kuɗin fetur ya buɗe wa Gabon ido. Ko'ina ka duba ana rushe wani gini ana tada wani, jirgin ruwa kuwa ba ya zuwa daga Douala sai ya zube mana sababbin baƙi. Jama'armu, da na Kano da na Garoua da na Maraɗi, muna da gida guda a unguwar Glass, bakin titin da ya bi gaɓar ruwa. A gaban gidan akwai shago, da ɗaki a bayansa. Duk wanda aka naɗa sarkin baƙi shi ke zama a nan, ya tarbi mutane a tashar jirgi, ya nema musu masauki, ya yi musu tafinta a ofis. Tsohon sarkin baƙi ya gaji ya koma gida, shago yana kulle, kuma babbanmu Alhaji Abdulƙahar mai atamfa ya ce za a naɗa sabo ranar bikin 'yancin kai. Mutum biyu ke nema. Akwai Bouba, mutumin Garoua, wanda ba ya magana sai ta zama dole. Sai kuma Ɗanlami.

Shekara shida Ɗanlami yana sayar da tocila da batir a tebur kusa da nawa. In ruwa ya sauko ya lulluɓe kaya da leda, shi ya jiƙe. Su bakwai suke kwana a ɗaki guda a unguwar Alibandeng. Amma tambaye shi komai, daga maganin basir har dalilin da ya sa teku ke da gishiri, kafin ka kai ƙarshen tambaya ya ce ai ya sani. Da aka fara maganar shagon nan bai yi wata-wata ba, ya ari babbar riga ya tsaya a ƙofar shagon aka ɗauke shi hoto. Ya haɗa da wasiƙa ya aika wa matarsa Mero a Kano, wai an riga an naɗa shi, ta sayar da abin da ba ya ɗaukuwa ta taho da yaransu biyu. Na ce masa wannan gaggawa ce, ya ce ni dai na cika ƙaramar zuciya. Amsa ta zo cewa suna hanya, za su sauka washegarin biki. Ke nan in shagon nan ya kuɓuce masa, ba shi da inda zai ajiye ko akwatinta.

A bikin kuwa kowace jama'a takan kawo wasanta a filin unguwa, a gaban shef, wato mai unguwar wurin, da manyan baƙi. Mu kullum kalangu muke kaiwa. To, makaɗin namu ya ajiye kalangu ya bi masu aikin hanyar jirgin ƙasa cikin daji, don can ake ɗibar kuɗi. Taron da aka kira ke nan, kowa ya yi tsuru-tsuru, sai Ɗanlami ya miƙe. Ya ce kalangu ya zama tsohon yayi. Ya ce makon jiya ya ga wani fim a silima na waɗansu mutane da suka sauko daga wata duniya cikin jirgi mai kama da faifai, kawunansu na ƙarfe, in suka nuna gini da yatsa sai ya rushe. Shi zai shirya irin wannan a fili ido da ido, har Turawan kamfani su miƙe tsaye.

Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, ya shafa gemu, ya ce, “Mutanen nan naka, me ya kawo su?”

“Duniya suka zo ci, ranka ya daɗe.”

“In sun ci ta, su kai ta ina?”

Ɗanlami ya ɗan yi tari. Mahamman mai goro ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa, ba mahaluƙin da zai ƙona mai tun daga bayan wata don kawai ya zo ya fasa kasuwar mutane ya koma hannu rabbana. Wani ya ce wataƙila mata suka zo nema, aka ce masa wace mace za ta yarda da mai kan ƙarfe. Wani daga baya ya ce ai a fili take, fetur ya kawo su, kamar kowa. Nan Alhaji ya ɗaga hannu ya ce duk mai son ambaton fetur a gaban hukuma ya fara ɗaure kayansa tukuna, domin Turawan da ke kujerun gaba za su ɗauka da su ake, shef kuma zai ɗauka da mu ake.

Ɗanlami ya ce shi ya san dalilin sarai, amma asirin wasa ne, ba a faɗa sai ranar. Ni kaɗai na san gaskiya, don tare muka shiga silimar. Mun tarar an kai rabi, kuma kafin a kai ƙarshe munsharinsa ya sa wata mata ta canza kujera.

Washegari ya fara neman kaya. Ya je wa Alhaji a ba shi yadi mai ƙyalli na rigunan mutanen sama. Alhaji ya ce zai bayar, amma shi ya kwana yana tunani, ya gane abin da ya kawo su. Mutanen da ke yawo da ƙarfe a jiki, ai sutura ce ba su da ita. Atamfa suka zo saye, kuma a ce a gaban jama'a sun tambayi shagonsa. Ɗanlami ya ce wallahi kamar Alhaji ya shiga zuciyarsa, asirin ke nan da yake ɓoyewa. Alhaji ya ji daɗi har ya ce shi da kansa zai fito a matsayin Sarkin Duniya.

Daga nan ya wuce rumfar Hawaou mai tuwo, yana son tukwanen alminiyon huɗu da za a kifa a ka. Hawaou ta ce ita ta shekara goma tana ciyar da matafiya, ba ta taɓa ganin wanda ya sauka daga doguwar tafiya ya fara tambayar yadi ba. Ciki ke tada mutum daga gidansu. Su ce ƙanshin miyar yakuwarta suka jiyo daga sama, in ba haka ba ya je ya kifa ƙwarya. Ɗanlami ya rantse cewa haka ma aka yi a fim ɗin.

“Sa'an nan,” in ji Hawaou, “duk wanda ya huda mini tukunya, ni da shi sai gaban shef.”

Ya ce to ta ina za su gani? Ta ce mutumin da ya gano hanya daga bayan wata ba zai ɓata a filin Glass ba.

Na uku shi ne Adamou, maƙerin kwano a unguwar Oloumi, wanda zai ƙera jirgin. Shi kuma ya ce kowane direba ya sani, ba a tsayawa a garin da ba a san kowa ba sai in mota ta lalace. Jirginsu ne ya sami matsala, suka duba duniya kaf ba su ga gwani ba sai a Oloumi. Ɗanlami ya buga masa kafaɗa ya ce shi ya sa yake son hulɗa da masu ilimi.

A hanyar dawowa na ce masa ai akuya ɗaya ya sayar wa mutum uku. Ya ce ban san wasa ba. Da zarar an fara yaƙi, ƙura ta tashi, wa zai tuna da wani dalili? Abin da bai sani ba shi ne, ba wanda ya yarda da shi a cikin ukun. Leburori uku ya samo daga tashar jirgi su zama mutanen sama, Aliou da Yaya da Audi, shi kuma shugabansu. Alhaji ya kira Aliou gefe ya ɗinka masa riga ya koya masa abin faɗa. Hawaou ta riƙa ƙara wa Yaya nama a tuwo har kwana biyar. Adamou ya gyara wa Audi amalankensa. Kowa ya kama nasa.

Jirgin kuwa da aka gama shi ya ƙi fita ta ƙofar maƙera, sai da aka ɓalle bango ɗaya. Aka ɗora shi a amalanke biyu aka turo daga Oloumi. Masu taksi suka jeru a baya suna ta oda suna zagi da Faransanci, wata mata kuma ta bi mu har kusan Glass tana tambaya ko tankin ruwan na sayarwa ne. Ɗanlami yana gaba yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ya kawo ruwan famfo garin. Gwaji sau ɗaya aka yi, shi ma bai kai ƙarshe ba, don Audi ya taka kaza ya faɗa cikin kwata.

Ranar biki bayan azahar fili ya cika. Shef yana zaune a rumfa da hularsa, Turawa uku a gefensa, ga tebur cike da lemo a gabansu. Na duba ban ga Bouba ba, aka ce wani ya zo ya kira shi tashar jirgi. Ɗanlami ya ce tsoro ne ya kore shi. Don kada a ga asiri, ya sa aka shigar da su huɗu cikin jirgin tun kafin a fara, aka ja ƙofa. Ya manta cewa mu ne na ƙarshe. 'Yan ƙasa suka yi rawarsu, mutanen Togo suka yi tasu, mutanen Mali suka kawo wani mawaƙi da ba ya san ya gama ba. Sa'a biyu suna cikin kwano. Da aka zo kanmu aka buga gwangwani alamar saukar jirgi, ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai ƙara kake ji daga ciki kamar an rufe awaki. Da ƙyar ni da Mahamman muka fizge ta.

Suka fito ɗaya bayan ɗaya, tukunya a kife a kan kowa har wuya, gumi yana bin rigunan ƙyalli, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa yana kallon yatsun ƙafarsa. Jama'a suka yi shewa. Alhaji yana tsaye da takobi da mutum shida masu sanduna, kuma abin da aka shirya shi ne ya daka tsawa a afka musu. Amma da ya ga mutane sun fito daga jirgi suna tangaɗi don wahala, sai ya miƙa wa na kusa da shi takobin ya ce, “Maraba, maraba. Sannunku da hanya. Kai, a kawo tabarma da ruwa.”

Ɗanlami ya matso yana laluben iska, ya rage murya daga cikin tukunya ya ce, “Alhaji, yaƙi ne.”

“Yaro, ni ban taɓa yaƙar mutum ban gaisa da shi ba.”

Su kuwa leburorin nan 'ya'yan mutunci ne. Da jin muryar babba sai suka tuɓe takalma suka durƙusa. Alhaji ya tambayi gajiya, suka ce ba gajiya. Ya tambayi mutanen gida, suka ce suna gaishe shi. Ya tambayi yara, ya tambayi damina a can wajensu, Yaya ya ce alhamdu lillahi, gero ya yi kyau bana. Sojojin duniya suka jingine sanduna suka zo su ma suna miƙa hannu. Aka kawo ruwa a moɗa, mutanen sama suka ɗaga tukwane kaɗan suka sha suka yi hamdala. Turawa suna ta ɗaukar hoto, sun ɗauka haka tsarin yake.

Da gaisuwa ta ƙare Alhaji ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda na bayan fili za su ji, ya tambaye su abin da ke tafe da su. Aliou ya miƙe ya ce tsiraici ya ishe su a sama, shagon Alhaji Abdulƙahar suke nema. Kafin ya rufe baki Yaya ya ce ƙarya ne, yunwa ce, ina Hawaou mai miyar yakuwa? Audi ya fi su murya, ya ce jirginsu ne ya mutu, a kira musu Adamou na Oloumi, bayan gidan katako, ana buɗewa tun da safe.

Ashe kowa a shirye yake. Hawaou ta ratso fili da akushi, Yaya ya zauna ya tura tukunya ƙeya ya fara kai loma da gaske. Adamou ya fito da guduma ya hau jirgi yana bugu. Aliou ya nufi inda aka ce masa an jera atamfa, bai ga gabansa ba, ya rungumi teburin manyan baƙi, kwalaben lemo suka bi cinyar wani Bature. Alhaji ya juya yana tambayar Hawaou wa ya sa ta cikin maganar da aka gama da shi, ita kuma ta ce da ita aka gama, har da rantsuwa. Adamou daga saman jirgi ya ce su biyun duk an yaudare su. Ba a jima ba su ukun suka gane wanda ya yi musu wannan ɗinki, suka juyo suna neman tukunyar da ta fi girma.

Ɗanlami bai ga komai ba, hayaniya kawai yake ji, ya ɗauka yaƙin da yake jira ne ya kankama. Ya buɗe ƙafafu, ya yi wani gurnani, ya miƙa yatsa. Daidai lokacin Adamou ya sauko a fusace ya taka ƙusar da ke riƙe da rufin, jirgi ya buɗe gida huɗu ya zube ƙasa da wata irin ƙara. Fili ya ɗauki tafi. Har Baturen da aka jiƙa ya miƙe tsaye. Ɗanlami ya rusuna dama, ya rusuna hagu, ya laluba ya kamo hannuna ya ce in je in gaya wa Alhaji ya kawo mabuɗin shago.

Wallahi a lokacin har na fara tunanin ko Allah ya rufa masa asiri. Sai shef ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya yi magana da Faransanci a hankali yadda duk muka gane. Ya ce wasa ya yi kyau, amma shi aikinsa ne duk wanda ya shigo unguwarsa ya san dalili. Ya ji amsa uku, kuma ba a rubuta amsa uku a takarda ɗaya. Shugabansu ya faɗa masa, me ya kawo su?

Ɗanlami ya fara. Ya ce, cikin Faransancinsa na teburin batir, wato su mutanen sama, a gaskiya, idan aka duba. Ya tsaya. Alhaji ya ce atamfa, Hawaou ta ce tuwo, Adamou ya ɗaga guduma. Ɗanlami ya ce duka ukun da kuma wani babban dalili wanda ya fi su, wanda shi ya sani. Shef ya ce yana saurare. Tukunya ta yi shiru.

Sai wata murya ta mace ta taso daga bakin fili, da Hausar Kano tsantsa, ba ta ko ɗaga ta sosai ba.

“Ranka ya daɗe, ba sai an wahalar da shi ba. Duk wanda ka ga ya baro duniyarsu da kayansa da 'ya'yansa, wani ne ya rubuta masa wasiƙar ƙarya.”

Muka waiwaya. Mace ce tsaye da yaro a gabanta, yarinya tana riƙe da gefen zanenta, ga akwatin ƙarfe da ƙunshin tabarma a ƙasa, Bouba yana gefe ɗauke da buhunta a ka. Jirgin ruwan ya riga lokacinsa da kwana ɗaya. Bouba ne ya tarbe su, kuma da ta nuna masa hoto ta ce a kai ta shagon mijinta sarkin baƙi, sai ya biyo da ita ta ƙofar shagon ta ga kwaɗo, sa'an nan ya kawo ta fili.

Shef ya tambayi abin da ta ce. Bouba ya sauke buhu ya fassara masa kalma da kalma, bai rage ba bai ƙara ba. 'Yan ƙasa suka fashe da dariya har wasu suna riƙe ciki, shef ya ce wannan amsar ita za a rubuta. A ɓangarenmu dariyar ba ta yi nisa ba. Na ga Mahamman yana duban ƙasa, na ga leburorin nan sun daina motsi, ni ma kunya ta kama ni, don ba wanda bai taɓa tsayawa gaban motar wani an ɗauke shi hoto ba. Ɗanlami kuwa da ya ji muryar, hannu biyu ya sa ya ƙara jan tukunyar ƙasa.

Alhaji bai jira an koma gida ba. Nan a fili ya zaro mabuɗi daga aljihu ya miƙa wa Bouba, ya ce wanda ya tarbi baƙi yau shi ne sarkinsu. Hawaou ta bi tana karɓe tukwanenta tana ɗaga kowace ga rana ko an huda. Da ta zo kan ta ƙarshe sai da ta ja da ƙarfi, don mai ita ya riƙe.

Mero ta dube shi daga rigar ƙyalli har ƙafa. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Yarinyar ta ɓuya a bayanta, don ba ta san shi ba.

“Sannu da aiki, Malam,” in ji ta. “Ɗauki akwatin, yaran nan sun gaji. Ina muka nufa?”

Shekara shida ina zaune kusa da mutumin nan, ban taɓa jin an yi masa tambaya ya rasa amsa sau biyu a yini ɗaya ba. Sai ya sunkuya ya ɗora akwatin a ka, ya shige gaba ya kama titin bakin ruwa da sauri, kamar mai wurin zuwa, ita da yaran suna biye da shi.